Biram: tsirkiya biyar da amanar Malam Maman Barka

Ran 21 ga watan Nuwamba 2018 Allah ya yi wa Malam Maman Barka rasuwa a Yamai. Yawancinmu mun san shi da gurmi, don da shi iyayenmu suka san shi a rediyo da kaset, daga Damagaram har Kano. Amma in ana son a gane ko wane ne mutumin nan, abin kiɗa na biyu da ya ɗauka bayan ya riga ya yi suna, shi ya kamata a duba. Sunansa biram. Labarin yadda ya zo hannunsa ya shafe mu, mu ƴan Gure, fiye da yadda muke zato.

Na farko dai, Barka namu ne. A Tasker aka haife shi, arewa da mu, a ƙarshen shekarun 1950, cikin Tubawa makiyaya. Tasker kuwa tana ƙarƙashin Gure har shekarar 2011 da aka ba ta gundumar kanta. Ya yi lakwal, ya zama mushe yana koyar da yara, ga inda “Malam” ɗin ya manne wa sunansa ke nan. Yana cikin aikin koyarwa ya kama gurmi mai tsirkiya biyu, yana waƙa da Hausa da sauran harsunan gabashin Nijar, har sunansa ya ƙetare iyaka ya shiga Najeriya. Mutumin da ya kai nan, da ya so, sai ya zauna yana cin moriyar sunansa har tsufa. Ba wanda zai ce masa don me.

Bai yi haka ba. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya nufi tafkin Cadi neman wani tsoho mai suna Bukar Tar, wanda a lokacin ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe da ya rage a kiɗan biram.

To, mene ne biram? Abin kiɗan Buduma ne, mutanen tsibiran tafki, masu su da kiwon shanun nan na kuri masu kumburarren ƙaho. Su da bakinsu Yedina suke kiran kansu. Jikin biram ice ne da aka fafe doguwar siffa kamar jirgin ruwa, aka rufe da fata, aka sa masa lanƙwasasshen wuya, aka ɗaura tsirkiya biyar. Ba a rataya shi a kafaɗa kamar gurmi, ajiye shi ake yi a zauna a gefensa. Kallo ɗaya za ka yi masa ka san mutanen ruwa ne suka ƙera shi. Kuma a wurinsu ba kayan wasan yara ba ne. Suna danganta shi da iskan tafki da suke kira Kargila, ba kowa ke taɓa shi ba sai wanda aka shigar, aka koya masa ladubbansa.

Me ya sa har ya kai ga mutum ɗaya tal ya rage? A nan sai mun dubi tafkin kansa. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Sai farin 1973 da 1974 ya zo, na 1984 ya biyo baya, ruwa ya ja da baya har ɓangaren Nijar ya ƙafe. Gigimi, ƙarshen kwaltar nan da ta ratsa garinmu, a da bakin ruwa take, sai ta wayi gari tafki ya yi mata nisa. Masunta suka bi ruwa zuwa kudu, wasu suka koma noma a ƙasar da ruwa ya bari, samari suka watsu neman abinci. Kiɗa irin wannan yana son zama wuri ɗaya: tsoho ya kaɗa, yaro ya yi shekaru yana saurare kafin a miƙa masa. In gari ya tashi, wa zai zauna? Ga kuma sauyin zamani, da rediyo da kaset da suka kawo wa matasa wasu kaɗe-kaɗen.

A al'adarmu akwai ɗan gado, akwai ɗan haye. Ɗan gado ya tashi ya tarar da sana'a a gidansu, ɗan haye shigowa ya yi, kuma sau da yawa kallon raini ake masa. A wajen biram, Barka ɗan haye ne ta kowace fuska. Ba Buduma ba ne, ba masunci ba ne, ɗan tudu ne daga ƙasar raƙuma da rairayi. Amma shi ne ya je. Malamin makaranta, sanannen mawaƙi, ya durƙusa gaban tsohon ƙauye ya koma ɗalibi. Bukar Tar ya karɓe shi, ya koya masa kiɗan da waƙoƙin da abin da ke tattare da su, daga baya ya damƙa masa biram ɗinsa. Ku tsaya ku duba wannan kyauta, jama'a. Tsohon yana da zaɓi biyu: ya riƙe abin kakanninsa ya tafi da shi kabari, ko ya ba baƙon da ya zo da niyyar koyo. Ya ba baƙo. Haye ne ya ceci gado.

Barka bai ci amana ba. Shi da abokinsa Umaru Adamu, makaɗin kalangu da duma da ƙwarya, sun kai biram inda bai taɓa zuwa ba. A 2008 sun kaɗa a bikin WOMAD na Ingila, a 2009 kamfanin World Music Network ya fitar da faifansu mai suna Introducing Mamane Barka. A cikinsa akwai waƙoƙin Buduma na dauri da kuma nasa na kansa. A gida kuwa ya yi aiki a cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya da ke Yamai, inda ake adana kayan kiɗan gargajiyar Nijar.

Wani zai ce, to ai shi ke nan, tunda akwai faifai kuma akwai ma'ajiya. Ina! Bari mu kwatanta. A Amurka akwai wata gita mai tsirkiya huɗu da ake kira tenor. Kamfanonin Martin da Gibson sun fara ƙera ta a ƙarshen shekarun 1920 don makaɗan banjo su samu abin da hannunsu ya saba da shi. In mawaƙin da ke kaɗa ta ya mutu, ana iya rataye tsohuwar gitarsa don tunawa, ba a yi asarar kiɗan ba, don masana'anta na nan, littattafan koyo na nan. Biram ba ya da masana'anta. Wane ice ake sara, wace fata ake shimfiɗawa, yaya ake ɗaure tsirkiya har ta ba da muryar da ake so, wace waƙa ake fara yi: duk wannan a ka yake, da hannu. Haka kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Gwangwani ne da fata da tsirkiya ɗaya, yaro ma zai iya haɗa shi, amma ba gwangwanin ke waƙar ba. Faifai yana ajiye sauti. Ba ya gyara wa ɗalibi yatsa.

Kuma halin tafki ya ƙara tsanani bayan tafiyar Barka can. Tun watan Fabrairu 2015 da aka kai hari Boso da Difa, yaƙi ya shiga yankin, kuma a watan Mayun shekarar aka kwashe mutanen tsibiran ɓangaren Nijar. Tafiyar da ya yi a 2002, da ya jinkirta ta shekara goma sha uku, da babu hanya. Wannan kaɗai ya isa darasi: abin da ake cewa sai gobe, wata rana goben ba ta zuwa.

Mu ɗalibai ba mu da UNESCO a bayanmu, gaskiya ne. Amma ba mu bukatar zuwa tafki. A Gure da ƙauyukan Muniyo akwai tsofaffin masu gurmi, masu algaita, masu ganga, da tsofaffin mata masu waƙoƙin daka da na biki, da Hausa da Barbarci da Tubanci da Fulatanci. Waya tana aljihunmu. In mun ɗauki muryar wani, mu nemi izininsa tukuna, mu rubuta sunansa, garinsu, wanda ya koya masa, da ranar da aka ɗauka. Waƙoƙi nawa ne ke yawo a wayoyinmu babu sunan mai su? Tsofaffin kaset da ke cikin akwatunan iyayenmu, zafi da ƙura suna cinye su, mu kwafe su tun suna magana. Wanda kuma Allah ya ba kunne da hannu, kada ya tsaya a ɗauka. Ya je ya zauna ya koya, ko da ba gadonsa ba ne, ko da abokai za su yi masa dariya su ce ɗan lise ya zama maroƙi.

Allah ya jiƙan Bukar Tar da ya bayar, ya jiƙan Malam Maman Barka da ya je ya karɓa. Hutun bana, kowa ya tambaya a unguwarsu: wane tsoho ne ya rage, kuma wa ke zama kusa da shi?