Tarihin Gonakin Inabi Na Kan Tsaunukan Cinque Terre

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram. Ya ce ya ga hoton wasu ƙauyuka na ƙasar Italiya a jikin tsauni, a bakin teku, ga gonaki hawa-hawa a bisansu, ga kuma Turawa goye da jakunkuna suna ratsa gonakin da ƙafa. Shi ne yake tambaya, wai shin ina ne wannan wuri, kuma su wa suka yi wannan aiki?

To malam, mun gode. Sunan wurin Cinque Terre, ana furta shi Cinkwe Terre, ma'anarsa ƙasashe biyar. Ƙauyuka ne guda biyar a jere a gaɓar tekun Bahar Rum, a yankin Liguriya na arewa maso yammacin Italiya, wato Monterosso da Vernazza da Corniglia da Manarola da kuma Riomaggiore. Turbar da ta haɗa su ta bakin teku tsawonta kimanin kilomita 12 ne. Amma fa mai karatu, kada ka ji kilomita 12 ka ce ai nan da nan ne, domin tafiyar hawa ce da sauka. Ƙauyen Corniglia kaɗai sai ka taka matakala wajen 380 daga tashar jirgin ƙasa kafin ka shige shi. Akwai kuma turbar sama da ke bi ta Volastra, wadda ke ratsa tsakiyar gonakin inabi, teku na can ƙasanka.

Su waɗannan turbobi tun asali hanyoyin gona ne. Tun ƙarni na 11 mutane suka fara kafa ƙauyukan, suka tarar tsaunin ba shi da fili ko na shanya. Sai suka shiga fasa dutse suna jera katanga, ba laka ba siminti, su cika bayanta da ƙasa, ta zama kamar dakali. Su yi wani a bisansa, da wani a bisan wancan, har ƙololuwa. Wanda ya san gonakin dutsen Sukur a jihar Adamawa ya san irin wannan dabara. A kan dakalan nan suka dasa inabi da zaitun. Inabin kuwa giya ake yi da shi, ita ce babbar hajar yankin, da jiragen ruwa ake kai ta kasuwar birnin Jenowa, wanda ya mallaki wurin daga 1276. Saboda iska, ba sa barin kurangar ta yi tsawo, don haka a durƙushe ake tsinke. Mata su ɗauki kwando a ka, maza a kafaɗa, a bi matakala har gida.

Amfanin katangar ya wuce noma. Da yake babu laka a tsakanin duwatsun, in an yi ruwa sai ya tsiyaye ta ƙofofinsu a hankali, ƙasa ta tsaya a wurinta. Sai dai katanga irin wannan kullum tana son gyara. In ɗaya ta zube ba a tayar ba, sai ta ja ta ƙasa da ita.

To me ya kawo canji? Da farko, a 1874 jirgin ƙasa ya ratsa ƙauyukan tsakanin Jenowa da La Spezia, samari suka samu hanyar zuwa aikin albashi, musamman a ma'aikatar jiragen ruwan soja ta La Spezia. Na biyu, a shekarun 1920 wani ɗan mitsitsin ƙwaro mai cin saiwar inabi, ana ce masa filoksera, wanda asalinsa daga Amurka yake, ya iso yankin ya kashe gonaki. Maganinsa shi ne a yi wa inabi aure da saiwar irin Amurka, kamar yadda ake wa mangwaro, amma da yawa ba su sake dashe ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma ƙaura zuwa birane ta ƙaru. Gonakin da a da suka kai kimanin kadada 1,400 suka koma kimanin 100, sauran daji ya cinye.

Ranar 25 ga Oktoban 2011 aka ga illar haka. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa da duwatsu suka gangaro daga tsauni, laka ta binne babban titin Vernazza har tsawon mita 4 a wasu wurare. Mutum uku suka rasu a ƙauyen, Monterosso ma ta sha ɓarna. Binciken da masana suka yi daga baya ya nuna gonakin da aka yi watsi da su sun fi waɗanda ake nomawa zaizayewa. A 2012 kuma duwatsu suka rufto kan turbar Riomaggiore zuwa Manarola, ba a sake buɗe ta baki ɗaya ba sai 2024.

Hukumomi ba su naɗe hannu ba. Daga shekarun 1980 an kafa wasu ƙananan kekunan inji masu bin dogo ɗaya suna hawa tsauni da kwanduna. Hukumar UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya a 1997, gwamnatin Italiya ta mai da shi gandun ƙasa a 1999, ana kuma karɓar kuɗi daga masu bin turbar bakin teku don kula da wurin. A 2018 UNESCO ta amince da sana'ar jera katangar dutse a matsayin gadon ɗan Adam. Duk da haka, mazaunan ƙauyukan ba su wuce 4,000 ba, baƙi kuwa sun haura miliyan 2 a shekara, kuma saurayi ya fi samun kuɗi a ba da hayar ɗaki fiye da ɗaukar dutse. Ka ga ke nan abin da baƙon ya zo kallo, aikin manomi ne, kuma in manoma suka ƙare, turbar da ƙauyen duk suna cikin haɗari.