Dillalin da Ba a Iya Ce wa Albarka

Kakana dillalin shanu ne a karar Wudil. Ran Juma'a, in an yi hutun makaranta, yakan tafi da ni in riƙe masa buta da sanda, in tsaya gefe ina kallon ciniki. Mai saye ya taya, mai sa ya kau da kai ya ce, "Albarka." A ƙara, ya sake cewa albarka. Abin da ya ba bakinsa ƙarfi shi ne ya san in wannan ya juya baya, ga wani Alhajin can yana shafa tozon san, ga kuma dillalai goma da za su karɓi igiyar da murna. In an sallama, kakana ya karɓi la'adarsa a bainar jama'a, kowa ya san nawa aka biya, nawa ya shiga aljihun wa.

Wannan karar ce ta faɗo mini a rai a 2007, ina zaune a wani shagon intanet a Kano, fanka na kaɗa iska mai zafi, mai shagon na leƙo agogo saboda awa ɗaya na saya. Ina da ɗan shafi da nake rubuta dabarun gyaran wayar hannu da Turanci. Na kwafo wasu 'yan layukan da AdSense, tsarin talla na Google, ya ba ni, na liƙa a gefen shafin, na sabunta. Sai ga tallar batir da caja sun bayyana daidai kusa da rubutuna a kan batirin da ke saurin mutuwa. Ban nemi mai batirin ba, bai san da ni ba. Na'ura ce ta karanta abin da na rubuta, ta gane a kan me nake magana, ta kawo tallar da ta dace. Duk wanda ya latsa, mai tallar ya biya, a ba ni wani abu. Sai kuɗin sun kai dala 100 ake biya, na kuwa ɗauki watanni kafin in kai. Da cekin ya iso ta gidan waya, sai da na nuna wa duk mutanen gidanmu kafin in kai shi banki.

Sana'ar tana da asali. Wanda ya fara sayar da latsawa a gwanjo shi ne Bill Gross, da kamfaninsa GoTo.com a 1998: mai talla ya taya kalma, wanda ya fi tayi ya hau sama, ba ya biya sai an latsa. Kamfanin ya koma Overture a 2001. Amma wannan a shafin bincike ne, inda mutum ya riga ya rubuta abin da yake nema da hannunsa. Sauran intanet fa, inda mutane ke karatu kawai? A nan wani ƙaramin kamfani na Santa Monika a Kalifoniya, Applied Semantics, wanda Gil Elbaz da Adam Weissman suka kafa da sunan Oingo, ya yi shekaru yana koya wa kwamfuta gane ma'anar kalmomi. Google, wanda ya riga ya fara gwada nasa tsarin, ya saye shi a Afrilun 2003 kan dala miliyan 102, ya gaji har sunan AdSense, ya buɗe ƙofa ga kowane mai shafi a watan Yuni. Na'urar ta yi tuntuɓe da farko. An daɗe ana ba da labarin rahoton jaridar New York Post kan gawar da aka tsinta cikin akwati, wanda tallar akwatunan tafiya ta bayyana a gefensa. Duk da haka kuɗi suka yi ta kwarara: a 2004, kusan rabin abin da Google ya samu daga shafukan wasu ya fito, ba nasa ba.

A shekarun nan kasuwar ta yi kama da kara, dillalai ko'ina. Yahoo ya sayi Overture a 2003 kan dala biliyan 1.63. Akwai Sprinks, wanda Google ya haɗiye a wannan shekarar. Akwai Kanoodle, da Quigo mai hulɗa da manyan jaridu, da AdBrite, da Chitika mai tallar kayan sayarwa, da Kontera da Vibrant Media masu ja wa kalma layi biyu a tsakiyar rubutu, in ka ɗora manuni a kai talla ta buɗe. A Agustan 2005 Yahoo ya buɗe Yahoo Publisher Network don ƙananan masu shafi, amma na Amurka kaɗai. Mu nan sai dai mu ji labari, muna lasar baki, domin waɗanda suka shiga da wuri sun riƙa cewa latsawa ɗaya a can ta fi tsoka. Mai shafi a Amurka ya samu bakin cewa albarka: ya cire layukan wannan ya liƙa na wancan, bayan mako guda ya gwada wanda ya fi kawowa.

Abin bai ɗore ba, kuma dalilin ya kamata a tsaya a kansa. Dillalin da ya fi yawan masu talla shi ne zai sami tallar da ta dace da kowane shafi, ko na kiwon zuma ne ko na gyaran keke. Tallar da ta dace ita ake latsawa. Wanda tayinsa ya fi tsada amma ya ɗora tallar bashin gida a shafin girke-girke, babu mai taɓa ta, a ƙarshen wata mai shafi ya ga babu komai a ƙwarya. Sai ya koma wurin babban. Komawarsa ta ƙara wa babban fili, filin ya ƙara jawo masu talla, haka abin ya yi ta juyawa. AOL ya sayi Quigo a 2007. Yahoo ya rufe nasa a ƙarshen Afrilun 2010, ya nuna wa mutanensa ƙofar Chitika. AdBrite ya rufe a farkon 2013, Chitika ma ya bi sahu a 2019. Wanda ya ɗan riƙe wuta shi ne Media.net na Divyank Turakhia, ɗan Indiya, wanda ya ɗauki tallar Yahoo da Bing daga 2012, aka sayar da kamfanin ga wasu 'yan kasuwar Sin a 2016 kan dala miliyan 900. Shi ma ya fi son shafukan da masu karatunsu ke Amurka da Ingila da Kanada.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar la'ada. Shekara bakwai cur masu shafi na karɓar kuɗi ba tare da an faɗa musu kashi nawa ake ba su ba. Sai a Mayun 2010 Google ya bayyana: kashi 68 cikin 100 ga tallar da ke gefen rubutu, kashi 51 ga ta akwatin bincike, ya ce na farkon bai taɓa canzawa ba tun 2003. Kashi 68 ba rowa ba ce, in an yi adalci a faɗa. Amma kashi 68 na nawa? Tun a Afrilun 2004 aka kawo tsarin da ke rage wa mai talla farashi kai tsaye in an ga latsawar wani shafi ba ta cika kai wa ga ciniki ba. Mai talla ya ji daɗi, yana da hujja, domin latsawar bogi ta yi yawa har Google ya amince da sulhun dala miliyan 90 a 2006. Mai shafi kuwa ba ya ganin ma'aunin da aka auna shi da shi. A Wudil, ko ba ka iya lissafi ba, kunnenka ya ji tayin.

Daga nan ma kasuwar ta sauya fuska. Google ya kammala sayen kamfanin talla na DoubleClick a Maris 2008 kan dala biliyan 3.1, sai ya zama shi ke riƙe da kayan aikin mai sayarwa, da na mai saye, da filin gwanjon kansa. A 2009 ya fara nuna talla bisa abin da mai karatu ya saba dubawa, ba bisa abin da ke shafin kaɗai ba. Wannan ya rage darajar wahalar marubuci ƙwarai. Da can mai batir dole ya zo shafina domin a nan masu neman batir suke. Yanzu zai iya bin mutumin zuwa kowane shafi mai arha ya same shi a can.

Manyan mawallafa ba su naɗe hannu ba. Wajen 2014 zuwa 2015 suka ɓullo da dabarar kiran kasuwannin talla da yawa su taya a lokaci guda kafin a tambayi na Google, kuma da yawansu suka ga kuɗinsu ya ƙaru. Albarka ce ta dawo ta bayan gida. Hukumomi ma suka farka. Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 1.49 a Maris 2019 kan sharuɗɗan da suka hana wasu shafuka ɗaukar tallar bincike ta abokan gasa, ko da yake wata kotun Tarayyar ta soke tarar a Satumban 2024. A Amurka, ma'aikatar shari'a ta shigar da ƙara a Janairun 2023, kuma ranar 17 ga Afrilun 2025 mai shari'a Leonie Brinkema a jihar Bajiniya ta yanke cewa kamfanin ya yi babakere ba bisa doka ba a kasuwar kayan aikin mawallafa da ta filin gwanjo. Hukuncin ya zo bayan tallar shafukan wasu, wadda ta taɓa zama rabin cinikin Google, ta koma kusan kashi 10 a 2023. Wato dillalin ya daina dogara da masu shanun, su kuwa suna nan riƙe da igiya.

Mu masu rubutu da Hausa namu ya fi haka nisa. Tsarin da ya ginu a kan karanta ma'anar shafi yana da jerin harsunan da yake karɓa, da Larabci da Hindi da Urdu da Bangali a ciki, Hausa kuwa ta yi shekara da shekaru ba ta ciki. Shi ya sa na fara da Turanci a shagon nan, shi ya sa kuma yara masu basira da yawa suka bar harshen da suka fi iyawa. Kuma ko an karɓe ka, latsawar mai karatu a Kano ba ta kai ta mai karatu a Landan tsada, tunda masu tayawa a kansa kaɗan ne.

Shafin gyaran wayar nan na daɗe da rufe shi. Wanda nake yi yanzu da Hausa nake rubuta shi, kuma talla biyu ce a kansa: ta wani mai sayar da sola a unguwarmu da ta wata mai ɗinki. Wata-wata muke zama mu yi ciniki baki da baki. A watan jiya mai solar ya taya ƙasa da na bara, na ce masa albarka, ya yi dariya ya ƙara dubu biyu, na sallama.