Wutar Lantarki: Doguwar Tafiya Daga Legas Zuwa Lakwaya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Gwarzo, ya ratsa ƙasar Kabo, zai ga turakun wuta a jere, wayoyi miƙe a kansu har cikin ƙauyuka. Amma in dare ya yi, abin da ke haska garuruwan yankin, irin su Lakwaya da Getso da Kutama, bai wuce tocila da fitilar sola da ɗan janaretan mai shayi ba. Da yawa sun ɗauki wannan a matsayin ƙaddarar zaman karkara. Ni ban yarda ba. Tun ranar farko ba don mutumin ƙauye aka shimfiɗa wannan tsari ba, kuma duk gyare-gyaren da aka yi daga baya ba su taɓa tushen ba.

A Legas aka fara kunna wutar lantarki a ƙasar nan, a ƙarshen ƙarni na 19, da ɗan injin da aikinsa shi ne haska gidan gwamna da unguwar Turawa. A 1929 kamfanin NESCO ya fara samar da wuta da ƙarfin ruwa a Kurra, kusa da Jos, saboda masu haƙar kuza. Kano kuwa ta samu tata a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, lokacin da En'e ta kafa aikin ruwan famfo da lantarki. Da harajin talakawan ƙasar Kano aka cika baitulmalin da ya yi aikin, har da na manoman gyaɗa da auduga na yammacin Kano, amma wutar ta tsaya a birni da waje. Manomin da ya biya kuɗin ya ci gaba da kwana da aci-bal-bal.

Daga nan sai hukumomi suka riƙa gadon juna. An kafa hukumar lantarki ta ECN a 1950, aka kafa hukumar madatsun kogin Neja a 1962, ta gina madatsar Kainji mai megawat 760 wadda aka kammala a 1968. A 1972 gwamnatin Gowon ta haɗe su biyun ta haifi NEPA. Madatsar Jebba ta biyo baya a 1985, ta Shiroro a 1990. A nan ne aka yanke hukuncin da har yau muke fama da shi: manyan tashoshi kaɗan, can nesa, da dogon layi ɗaya da zai ɗauko wutar zuwa Arewa. Yawancin wutar ƙasar daga tashoshin iskar gas na Kudu take fitowa, irin su Egbin da Afam da Sapele. Kafin ta zo mana sai ta bi ta Mando a Kaduna, ta sauka a Kumbotso, a raba wa masana'antu da unguwannin birni, sannan abin da ya rage ya kama hanyar Gwarzo. Duk manomin rani ya san halin gonar da ke ƙarshen magudanar ruwa: sai kowa ya sha ya ƙoshi take ganin laima.

Gwamnatocin jiha sun yi nasu ƙoƙarin, kuma adalci ne a faɗa. Hukumar lantarki ta karkara ta jihar Kano ta kafa turaku da taransfoma a garuruwa masu yawa, dattawa kuma har yau suna ambaton zamanin Abubakar Rimi, 1979 zuwa 1983, idan ana zancen kai wuta ƙauye. Sai dai kafa turke daban, samar da abin da zai bi ta cikin waya daban. Jama'a ta yi ta ƙaruwa, tashoshi suka tsufa, gyara ya yi ƙaranci. Ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, wutar da ake rabawa a rana ɗaya galibi tana kai-komo ne tsakanin megawat 4,000 da 5,000.

Dokar gyaran fannin lantarki ta 2005 ta rushe NEPA ta kawo PHCN, sannan a ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka miƙa goma daga cikin kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya ga 'yan kasuwa. KEDCO ta ɗauki Kano da Katsina da Jigawa. Ɗan kasuwa inda kuɗi ke fitowa yake duba, kuma layin karkara dogo ne, gyaransa da tsada, masu mita kaɗan ne. Tsarin rukuni-rukuni da aka shigo da shi a 2020 ya rubuta wannan bambanci a takarda: rukunin A awa 20 a rana, rukunin E awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kowane ma'auni, wanda ya ƙara wa kamfanoni dalilin karkata wutar ga masu biya da tsoka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, talakan karkara shi ya fi kowa biyan kuɗin wuta da tsada. Mai injin niƙa da mai walda da mai shagon caji duk da man fetur ko dizal suke aiki, kuma a kan abokin ciniki suke ɗora kuɗin. Matar da ke sayar da zoɓo da kunun aya sai ta sayi ƙanƙarar da aka yi a wani gari. Taransfoma in ta ƙone, unguwa ce ke karo-karo, wani lokaci a shafe watanni ana jira, bil ɗin ƙiyasi kuma bai daina zuwa ba. Asibitin ƙauye yana karɓar haihuwa da hasken waya. Da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, janaretan da ake fakewa da shi ma ya gagari mutane da yawa. Shi ya sa faifan sola ya yi ta hawa kan rufin masallatai da shaguna da rijiyoyin burtsatse, kowa da aljihunsa.

A Oktoban 2024 raunin dogon layin nan ya fito fili. Ɓata-gari sun lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka shafe sama da mako guda cikin duhu. Birni ya yi ta kuka, jaridu suka cika da labari. Abin da birni ya ɗanɗana a waɗannan kwanaki, shi ne abincin yau da kullum na ƙauyukan Gwarzo da Kabo.

Yanzu dai uzurin cewa komai a hannun Abuja yake ya ƙare. Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon samarwa da rarraba wuta da kafa hukumar sa ido tasu. Madatsar Challawa, wadda aka kammala a 1992, a Ƙaraye take, maƙwabciyarmu ta kusa, kuma tun zangon Kwankwaso na biyu aka fara aikin samar da wuta daga ita da ta Tiga. Rana kuwa ba mu taɓa rasa ta ba. Ya kamata 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi da masu riƙe da sarauta su nemi a rubuta rabon karkara cikin duk wutar da jihar Kano za ta samar, a kuma kafa ƙananan tashoshin sola a manyan mazaɓu irin Lakwaya, a fara da asibiti da makaranta da kasuwa. Mai zaɓe kuma ya daina yarda da alkawarin turke da waya, ya tambayi ɗan takara awa nawa wuta za ta riƙa zama a garinsu.