Akwatin Baba da Littattafan Zane na Dapaong

A gidaje da yawa a Dapaong da Sokode, idan aka buɗe akwatin ƙarfe na tsohon malamin makaranta ko na tsohon ma'aikacin gwamnati, akan tarar da waɗansu ƙananan littattafai can ƙasa, ƙarƙashin takardun shaida da hotunan aure. Takardarsu ta yi ja, bango ya yage, gara ta ci gefe. Labarai ne da aka bayar cikin zane, hoto bayan hoto, maganar mutane kuwa tana fitowa daga bakinsu cikin 'yar da'ira. Masu Faransanci suna kiransu bande dessinée, 'yan makaranta kuma suka taƙaita suka ce "bede". Nan da nan gardama takan tashi tsakanin magada. Wani ya ce a ba yara su karanta. Wani ya ce shara ce, gara a sayo wa yara sababbi. Wani kuma da ya ji labari a rediyo ya ce a ɓoye, gama Turawa suna sayen irinsu da kuɗi masu yawa. Kafin mu ce ga mai gaskiya, ya kamata mu san inda littattafan nan suka fito, da yadda suka iso arewacin Togo.

Dapaong tana da nisan fiye da kilomita 600 daga Lome. A zamanin kakanninmu kaya daga gabas suke zuwa, tare da ayarin fatake masu bin hanyar Gwanja neman goro, suna yada zango a Sansanne-Mango. Amma takarda daga kudu ta zo. Jirgin ruwa ya sauke ta a Lome, jirgin ƙasa bai wuce Blitta ba, daga can sai manyan motoci su bi ta Sokode da Kara da Mango. Saboda haka littafin da ya kai Dapaong ya riga ya sha hannu. Yawancinsu ba a kanti aka saye su ba, sai wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a ƙasa kusa da tasha ko bakin kasuwa. Yaro ɗaya ya saya, aji guda ya karanta.

Waɗanda suka fi yawa cikin akwatunan nan su ne ƙananan da ke shiga aljihu, baƙi da fari, masu araha. Asalin yawancinsu Italiya ne, aka juya su zuwa Faransanci. Akim ya fara fitowa a Italiya a 1950, Roberto Renzi yana rubutawa, Augusto Pedrazza yana zanawa. A Faransa kuwa an fara buga shi a 1958, aka ci gaba har 1991. Zembla ya biyo baya a 1963 daga kamfanin Lug na birnin Liyon. Akwai Blek, ƙato mai hular fata da ke dukan sojojin Ingila a dazukan Amurka, akwai kuma Tex mai doki da bindiga. Duk wanda ya yi firamare a Togo tsakanin 1960 da 1990 ya san sunayen nan kamar sunayen maƙwabtansa. Dattawa da yawa za su shaida cewa Faransancinsu na farko daga bakin Akim suka koya, tun kafin littafin nahawu ya shiga kansu.

To, amma sai mu duba abin da ke ciki. Akim da Zembla duka 'ya'yan Tarzan ne, watau farin mutum da ya girma a kurmi, yana jin harshen dabbobi, shi ne sarkin daji. A labarin Zembla an ce kurmin a Afirka yake, ga shi kuwa cikin abokansa har da kangaru, dabbar da gidanta Ostireliya ne. Baƙin yaron da ke binsa, Yéyé, an sa masa hular soja da ƙaton agogo a wuya domin a yi dariya. Yaron Dapaong yana zaune a Afirka ta gaskiya, cikin ƙurar hunturu da gonakin dawa, yana karanta wata Afirka da aka ƙago a Turai, yana kuma tafa wa Bature. Ba mu ga laifin abin ba a lokacin. Ko Tintin, wanda ya fi su duka kyawun zane, tafiyarsa zuwa Kongo da Hergé ya fara zanawa a 1930 ta nuna baƙaƙe kamar yara marasa wayo, har shi mai zanen daga baya ya yarda ra'ayin mutanen zamaninsa ne ya bi.

A 1966 aka fara buga wata mujalla a Paris musamman domin yaran Afirka, da tallafin gwamnatin Faransa. Sunanta Kouakou, sunan rana irin na mutanen Akan, kamar yadda muke da Ɗanlami da Ɗanjuma. Tana fitowa bayan kowane wata biyu, tana shiga makarantu. A nan ne yara da yawa suka fara ganin jarumi mai kama da su, baƙin yaro mai wayo wanda ke warware matsala da kansa. Wannan ci gaba ne babba. Duk da haka alƙalamin yana hannun Faransawa: Serge Saint-Michel ya daɗe yana rubuta labaran, Bernard Dufossé yana zanawa.

Sunan Saint-Michel ya kai mu ga littafin da ya fi kowanne nauyi cikin akwatin. A 1976 kamfanin Afrique Biblio Club ya buga tarihin Togo cikin zane mai launi, mai suna Il était une fois... Eyadema. Saint-Michel ne ya rubuta, Dominique Fagès ya zana. Mai karatu zai tuna yadda ƙasar take a lokacin. An kashe shugaba Sylvanus Olympio ran 13 ga Janairu 1963. Eyadema ya karɓi mulki a 1967, aka kafa jam'iyya ɗaya tak a 1969. Ran 24 ga Janairu 1974 jirgin saman da yake ciki ya faɗi a Sarakawa, kusa da Kara, ya fita da rai, daga nan kuwa yabonsa ya wuce misali. Littafin ya ɗauko shi tun daga ƙauyensu Pya, ya mai da shi jarumin da mutuwa ba ta iya masa. Kamfanin ya yi wa Mobutu na Zayar irin wannan aiki. Yaron da ya saba da Akim da Blek bai sha wuyar ganewa ba, gama fasalin ɗaya ne: ga jarumi, ga mugaye, jarumi kuwa ba ya faɗuwa.

Me za a yi da irin wannan littafi yau? Bayan taron ƙasa na 1991, da rasuwar Eyadema a 2005, wani zai ga ba shi da amfani, wani ma zai ji kunyar a gan shi a gidansa. Ni kam, a ganina, shi ne abin da ya fi cancanta a ajiye. Littafin tarihi zai gaya wa jikokinmu cewa an yi mulkin jam'iyya ɗaya. Wannan kuwa zai nuna musu da ido yadda aka koya wa ƙananan yara su kalli mai mulki. Haka ma Zembla da kangarunsa: shaida ce ta yadda aka zana mu sa'ad da ba mu ne ke riƙe da alƙalami ba. Masu binciken tarihin wannan fanni kuma sukan ambaci Le curé de Pyssaro na Pyabélo Chaold, da ya fito a Togo a 1960, cikin littattafan zane na farko da 'yan Afirka masu Faransanci suka yi da kansu. Wanda ya tarar da shi cikin kayan gado, kada ya yi garaje.

Batun kuɗi fa? Labarin da ɗan'uwanmu ya ji a rediyo gaskiya ne. Action Comics na ɗaya, inda Superman ya fara bayyana a 1938, kuɗinsa santi 10 ne a lokacin, amma a 2024 an sayar da kofi ɗaya a kan dala miliyan 6 na Amurka. Dalili shi ne cikin kimanin kofi 200,000 da aka buga, waɗanda suka saura ba su wuce wajen ɗari ba. Akwai kuma kamfanonin da ke duba lafiyar littafi, su ba shi maki har zuwa 10, su rufe shi cikin roba yadda ba mai sake buɗe shi. 'Yar lanƙwasa ɗaya tana rage daraja. To, a kai musu Akim ɗin da aji guda ya karanta, aka ci ƙosai a kansa, damina talatin ta sa ƙusoshinsa tsatsa. Ba za su ba shi ko kallo ba. Bayan haka an buga irinsa dubbai a Faransa, suna nan a can da tsabtarsu. Sayen sababbi domin jiran riba shi ma ba dabara ba ce. Amurkawa sun gwada a farkon shekarun 1990, suka sayi miliyoyin kofi suka jibge, kasuwar ta faɗi, har kamfanin Marvel ya nemi kariyar kotu saboda bashi a 1996.

A wajenmu abin da ya karya tsohuwar kasuwa dabam ne. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, kuɗin duk littafin da ke zuwa daga Faransa ya ninka cikin dare ɗaya. Ga bidiyo da talabijin sun shigo gari, ƙananan littattafan aljihu kuma suna mutuwa can inda ake buga su. Daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Sababbin da suka fito bayan wannan sun sha bamban. A 2005 Marguerite Abouet, 'yar Kodebuwa, tare da mai zane Clément Oubrerie suka fito da Aya de Yopougon, labarin 'yan mata a wata unguwar Abijan, da iyayensu da samarinsu da rigingimun gida. Babu zaki, babu sarkin daji. Littafin ya ci kyauta a bikin Angoulême na 2006. Sai dai labarin manya ne, iyaye su fara dubawa. Na ƙanana shi ne Akissi, na marubuciyar nan dai. A Lome ma Koffivi Assem da abokan aikinsa a Ago Média sun buga labarai da tatsuniyoyin Afirka da zanen 'yan Togo. Idan don yaro ya so karatu ne, waɗannan zan fara miƙa masa, domin zai ga tsakar gida irin tasu da uwa irin tasa. Matsalarsu tsada, ga shi kuma hanyar Lome zuwa Dapaong ba ta ragu ba. Kusan dukansu ma da Faransanci suke, yaron zango yana jiran wanda zai zana masa Gizo da Ƙoƙi da harshen da ya sha a nono.

Ba na cewa a hana yara tsofaffin. Akim yana da daɗi har yanzu, wanda ya musa bai taɓa karanta shi a ƙarƙashin tebur ba. Amma babba ya zauna tare da yaron, ya tambaye shi wa ya zana wannan, a wace ƙasa, me ya sa baƙin mutum ne kullum ke ɗaukar kaya. Waɗanda takardarsu ta fara karyewa kuwa a janye su daga hannun yara. A cire ƙusoshin da suka yi tsatsa, kada a liƙe yagewa da salatif, gama yana ƙona takarda. A sa su kwance cikin akwatin ƙarfe, a ɗora akwatin bisa dutse ko benci nesa da bango saboda gara, a riƙa buɗewa bayan damina su sha iska a inuwa. A cikin kowanne a sa 'yar takarda da fensir: sunan mai shi, garin da ya saya, da shekarar, tun akwai wanda ya tuna.