Ƙwallo da akwatin talabijin: daga Balin zuwa Ruwan Godiya

Tunda ana ta cece-kuce kan tsadar kuɗin kallon ƙwallo, bari in ɗan taɓo tarihi, domin kusan duk wani ci gaba da talabijin ta samu, in ka bi sawu, za ka tarar wata gagarumar gasa ce ta jawo shi.

A 1936, lokacin gasar Olamfik ta Balin a Jamus, mutane ƙalilan ne ke da talabijin a gida. Sai hukuma ta buɗe ɗakuna na musamman inda jama'a ke taruwa su kalli wasannin kai tsaye. Wato gidan kallo ke nan, irin wanda muka sani da benci da janareto, sai dai su sun riga mu da shekara sittin. A 1954 aka fara nuna Gasar Kofin Duniya a talabijin daga Suwizalan. A 1964 aka yi amfani da tauraron ɗan'adam aka tsallaka da hoton Olamfik ta Tokiyo zuwa Amurka. A 1970 kuma aka watsa Kofin Duniya na Meziko da kala, duniya ta ga Pele cikin rigarsa ruwan ɗorawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: wasa ba ya jira. Fim ko gobe ka gani, amma wasan ƙarshe in ya wuce ya wuce, don haka mutum zai sayi sabon akwati saboda minti casa'in, masu talla kuma su zuba kuɗi.

Mu a nan, gidan talabijin na farko shi ne WNTV Ibadan a 1959, sai gwamnatin Sardauna ta buɗe na Kaduna a 1962. Jos ce ta fara watsa shiri mai kala a tsakiyar shekarun 1970, sannan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙarƙashin NTA. Wannan haɗewar ce ta sa ƙasa ta iya kallon abu guda a lokaci guda, kamar ranar 22 ga Maris 1980 da Najeriya ta ci Aljeriya 3-0 a Legas, Shugaba Shehu Shagari ya miƙa Kofin Afirka.

Mu sa'o'ina abin da muka taso da shi shi ne 1994 da 1996. A ƙauyukanmu na kudancin Katsina, akwatin baƙi-da-fari ne, da batirin mota, da eriya a kan dogon gora, yaro ɗaya yana waje yana juyawa ana ce masa "ya yi, tsaya nan!" A haka aka ga Rashidi Yekini ya riƙe raga bayan ya ci Bulgeriya, a haka kuma aka raba dare ana kallon Atlanta, inda muka ci Barazil 4-3, muka ci Ajantina 3-2, da 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Daniel Amokachi a ciki.

Daga nan sai gasar ta zo har gida. A 1999 Najeriya ta karɓi baƙuncin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 20, a 2009 kuma na 'yan ƙasa da 17, duka an buga a Kano da Kaduna da Bauchi. FIFA ba ta yarda da hoto mai hazo, dole aka gyara fitilun filaye, aka shigo da motocin ɗaukar shiri na zamani. Tambayar da nake yi kullum, a matsayina na ma'aikacin gwamnati da ya san yadda ake sayen kaya a manta da kuɗin kula da su: ina amfaninsu ya tsaya bayan baƙi sun tafi?

Abin da ya kawo sauyi na gaske a karkara shi ne dish. DStv ta fara a 1995, kuma gasar Firimiya ta Ingila ce ta sayar da ita a Arewa, ba labarai ba. Matashi ya haɗa dikoda da janareto da rumfar kwano, ya samu sana'a, mai shayi da mai tsire su ma su samu. HiTV, kamfanin ɗan ƙasa, ya karɓe haƙƙin nuna Firimiya a 2007, amma kuɗin ya fi ƙarfinsa, zuwa 2011 ya durƙushe. StarTimes ta shigo a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv ta biyo baya a 2011.

Yau an kai ga VAR, wanda Kofin Duniya ya fara amfani da shi a Rasha a 2018, gasar da Ahmed Musa ya ci Aisland biyu. Gasar 2026 kuwa ƙasa 48 ce da wasa 104, kuma da yawa a waya suke kallo.

To amma wayar sai da sabis da caji da data. Ba mu manta ba, a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, sai a Disamba aka fara dawo da su. Gidan kallon ma, wasan Zakarun Turai da dare ake bugawa, kuma akwai garuruwan da ba mai zama a rumfa bayan isha'i. Kyamarar da ke gano satar gida da tsinin takalmi tana nan, amma yaron Ruwan Godiya yana iya rasa wasan gaba ɗaya saboda babu wuta, ko babu kwanciyar hankali.

Don haka in 'yan siyasa sun zo da alkawarin raba talabijin da dikoda ga matasa, a karɓa, amma a tambaye su wuta da tsaro da sabis. Allah Ya kawo mana zaman lafiya mai ɗorewa. Wane wasa kuka fara gani a talabijin, kuma a gidan wa? Ku faɗa mana a ƙasa.