Dokar Makiyaya ta Kamaru: A Sa Baki Tun Tana Daftari

Malam makiyayi, da kai ɗan kasuwar kan iyaka, in ka taso daga Garwa da garke ka nufi kudu, ba ka yin nisa sai an ce maka nan ba a shiga. Ka taɓa tambayar yaushe aka shata wannan iyaka, kuma wa aka tambaya?

Abin ya faro tun zamanin Faransa. A 1932 aka keɓe dajin Binuwai saboda namun daji. A 1968 gwamnatin Ahmadu Ahijo ta mai da shi gandun daji na ƙasa, tare da Buba Njida da Waza. Faro ya biyo a 1980. Kewaye da su kuma aka yanka dazuzzukan farauta da ake ba da haya. Yau waɗannan wurare sun ci fiye da kashi 40 cikin ɗari na Jihar Arewa. Kare daji abu ne mai kyau: wanda ya ji yadda mafarauta suka karkashe ɗaruruwan giwaye a Buba Njida a 2012 ba zai yi musu ba. Amma ranar da aka ja layin, ba a zauna da mai sanda ba.

Dokar ƙasa ta 1974 ta ƙara ɗaure lamarin. Mai gida ko gona yana da shaidar da ido ke gani, zai iya neman takardar fili. Kai fa? Sawun saniya ba ya zama shaida, ko da kakanka ne ya fara bin burtalin. Dokar 1978 ta kafa kwamitin sasanta manomi da makiyayi ƙarƙashin shugaban gunduma, sai dai sasantawa daban, haƙƙi daban. Da aka gama madatsar Lagdo a 1982, ga baƙin manoma na ta sauka kwarin Binuwai, gonakin auduga suka yi ta cin makiyaya da mashaya.

To, ana iya juya abin? An taɓa yi. Madatsar Maga ta 1979 ta hana ambaliya isa fadamar Logone, ciyawa ta mutu, kifi ya ragu. Masu kare muhalli na IUCN suka yi ta bibiyar hukuma tare da mutanen wurin, har a 1994 aka sake buɗe wa ruwa hanya. Ciyawa ta dawo, shanu suka dawo. A Nijar ma, sai da ƙungiyoyin makiyaya suka yi shekaru suna matsa lamba kafin a sa hannu kan dokar kiwo a 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne.

A Kamaru, ma'aikatar kiwo ta tsara daftarin dokar makiyaya, ƙungiyoyi irin su MBOSCUDA, wadda aka kafa a 1992, suka ba da shawara. Daftarin ya yi shekaru yana jira a Yawunde, alhali dokar gandun daji ta 1994 an riga an sabunta ta a 2024. Ka ga ke nan, dokar da ke da masu bibiya ita ke tafiya.

Kai ɗan kasuwa, kada ka ce ba ruwanka. In burtali ya toshe, shanu ba sa isa kasuwar Adumri, balle su tsallaka Mubi ko Yola.

Saboda haka ku je wurin arɗo da lamido, a rubuta burtalinku da mashayarku da sunayensu, a kai wa magajin gari da ɗan majalisarku. Ku nemi zama da masu kare daji, domin fari ba ya bambanta giwa da saniya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu damina mai albarka.