Faɗuwa ba Hukunci ba ce: Mutunci da Bege a Rayuwar Kirista a Ƙasar Hausa

A gabashin Kano, daga Gaya zuwa Ajingi da garuruwa irin su Toranke, Kiristoci tsiraru ne a cikin al'ummar Musulmi. Wannan matsayi yakan ninka wa mutum nauyin faɗuwa. In jarinsa ya karye, ko aurensa ya mutu, ko aka same shi da cin amana, yakan ji kamar ya zubar wa addininsa duka da mutunci. Da'awar wannan maƙala ita ce, begen Kirista ba a kan nasara aka gina shi ba, kuma tarihin ikilisiya a ƙasar Hausa shaida ne a kan haka.

A nazarinsa na 1974 kan mutumin kirki a idon Bahaushe, Anthony Kirk-Greene ya jera halaye irin su gaskiya, amana, haƙuri, kunya da mutunci. Galibinsu jama'a ce ke shaidar mutum da su. Shi ya sa wanda ya faɗi yakan fara da ɓuya. Mai shagon da bashi ya ci yakan sauya hanya don kada ya ratsa kasuwa. Ranar Lahadi sai an fara waƙa yake shiga majami'a, ya raɓe a bencin baya, ya sulale kafin a zo baiko. Asarar kuɗin ba ta kai zafin idon mutane ba.

Amma ita kanta ikilisiyar da yake jin kunyarta, da faɗuwa ta fara. A 1893 'yan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka Legas da niyyar shigowa arewa. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida, Bingham ya koma gida hannu rabbana. Yunƙurinsa na biyu a 1900 zazzaɓi ya wargaza shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, kuma daga wannan aiki ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Labarin Isawa ya fi wannan ɗaci. Almajiran Malam Ibrahim ne, wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi ɗan mishan Likita Walter Miller a Zariya, aka kafa musu mazauni a Gimi. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu ɓarna, garin ya watse. Duk da haka al'ummar ba ta mutu ba. Ta kafu a Wusasa daga 1929, inda aka yi renon mutane irin su Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.

Waɗannan dai masifu ne da suka faɗo daga waje. To, wanda laifinsa ne ya kayar da shi fa? A nan ne koyarwar alheri take aiki. Linjila ba ta rufa wa Bitrus asiri ba: ya yi musun Ubangijinsa sau uku a daren da aka kama shi. Kuma shi ɗin ne aka danƙa wa kiwon garken bayan tashin Almasihu. Ma'anarsa, matsayin mai bi a gaban Allah kyauta ce, ba ladan ƙwazo ba, saboda haka kasawa ba ta ƙwace shi.

Ana iya cewa wannan koyarwa tana buɗe ƙofar sakaci, mutum ya ci haƙƙin wani ya fake da gafara. Sukar tana da ƙarfi, amma Littafi Mai Tsarki ya riga ya toshe wannan kafa. Zakka mai karɓar haraji, da ya tuba, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya zalunta ninki huɗu. Tuban da ba a biya bashi a cikinsa ba, magana ce kawai. Musulmi maƙwabcin Kirista ma a kan haka yake: ba a yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma haƙƙin mutum sai an mayar.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin wa'azin da ke mayar da arziki ma'aunin bangaskiya. Irin wannan wa'azi yana ce wa manomin da fari ya cinye gonarsa addu'arsa ce ba ta isa ba, ya haɗa masa talauci da zargi. Aikin fasto da dattawan ikilisiya shi ne su bi wanda ya daina zuwa har gida, su zauna da shi da masu binsa bashi a tsara biya, sannan su mayar masa da hidimarsa in ya gyara. Ikilisiyar da ta san Girku da Gimi ba ta da hujjar guje wa wanda ya faɗi.